Kambun da Na Ɗaura wa Idi

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya ƙafar taka, da Hajiya da yara? Mu nan Gangara lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Yaya, da kunya nake rubuto maka. Ɗana Idi ya je Damagaram, izin ɗin nan, wato masana'antar da baƙi 'yan ƙasar waje suka buɗe ta haɗa salula da fitilun rana, inda ka roƙa masa aiki wurin abokinka shef, shugaban ma'aikatan. An ce hannunsa ya yi kyau a gwaji. Da za a shiga ɗakin aiki sai aka ce kowa ya cire ƙarfen jikinsa, don yana lalata ƙananan kayan. Idi ya ƙi cire kambunsa na ƙarfe. Shef ya lallashe shi har ya gaji, ya ce: "To malam, ga hanya."

Kada ka yi masa faɗa. Ni na ɗaura masa kambun nan ranar tafiya, na rantsar da shi da nonon da ya sha cewa ba zai cire ba. Ɗan maƙwabta da ya tafi hannu rabbana an ɗauke shi, uwarsa har ta aiko mana da goro.

Ka ba shef haƙuri, ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya. Kambun kuwa, na samun aiki ne malam ya ba ni.

Ƙanwarka,
Rabi