Lahadi ta Uku

Zuwa ga Dorcas, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar tsamiya ga wanda rana ta gasa,

Yau kwana takwas ke nan da kika bi gawar yayanki Bright zuwa Zonkwa, wayarki kuma a kashe. Shi ya sa na damƙa wa direba wannan takarda.

Kin tuna ranar da Fasto ya yi sanarwar aurenmu ta farko? Muka miƙe gaban ikilisiya kina murza bakin gyalenki, matan zumuntar coci suka rangaɗa guɗa, Bright ya yi ta dukan ganga har sandar ta karye. Ranar Talata ya ɗauki fasinja a babur zuwa Galadi, 'yan bindiga suka tare hanya. Wayyo, Dorcas! Wa zai ce kiɗan bankwana yake yi mana?

A sanarwa ta biyu ni kaɗai na miƙe. Babu guɗa. Jiya Fasto ya kira ni, ya ce ƙa'ida ce: sau uku ake sanarwa kafin aure, kuma ba zai karanta ta uku ba sai kina tsaye kusa da ni. In ba ki zo Lahadin nan ba, za a naɗe takardar sanarwarmu.

A tasha kin ce kin gama da zama a nan Ƙaura Namoda, kin ce bakinki ya daina iya addu'a. Ban ga laifinki ba. Ni ma nakan durƙusa in tashi ban ce uffan ba. Fatimatu maƙwabciyarku ta ɗebe dawar kunun biki ta ajiye; kullum takan tambaye ni yaushe amaryarta za ta dawo, ni kuwa sai in dubi ƙasa. Zuciyata ta zama gulbi da rani, yashi zalla.

Ba zan ce miki hanya ta yi lafiya ba, ƙarya ce. Ubangiji bai yi mana alkawarin hanya marar haɗari ba. Cewa ya yi ba zai yashe mu ba. Ban ga alamar cikarsa ba tukuna, ƙarfina kuma ya ƙare. Da nasa nake tsaye, in har wannan tsayuwa ce. Amma in na saki wannan alkawari, me ya rage in riƙe?

Tauraruwata, ba zan roƙe ki ki taka ƙasar da ta sha jinin ɗan'uwanki ba. Kalma ɗaya nake bara. Ki ce in zo, in ajiye allin koyarwa, in karɓi takardar a hannun Fasto in kawo cocinku na Zonkwa, a fara ƙirga daga ɗaya. In kuma shiru ne amsarki, zan zauna da shi, ba kuwa za a ƙara kiran sunana tare da na wata ba.

Naki har numfashin ƙarshe, cikin Almasihu,
Moses