Namijin Dabinon Iya

Dutse, Jihar Jigawa
Janairu, 1994

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na wurin katako a Sapele. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Mu nan lafiya lau. Baba ya warke daga ciwon bayan nan, Adda ta sauka lafiya an sami mace, an sa mata Umaima. Tunkiyarka ma ta haifi biyu.

Yaya, injin yankan itacen da ka aiko wa Baba ya iso, kuma ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ka san halina, tun ina ƙarama nake tsugunawa bayanka in kana kwance injin ban-ruwa. Har yanzu in an aike ni wajen sakatariya, sai in tsaya daga nesa ina kallon injin da ake yanke ciyawa da shi, har a yi mini faɗan daɗewa. To wannan ya fi su duka. Direban da ya kawo shi ya nuna wa Baba yadda ake haɗa fetur da baƙin mai, ni kuwa ina bayan ƙyaure ina saurare. Baba ya manta, ni ban manta ba. Kututturen darbejiyar da ya gagari gatari tun bara, kafin ruwan shayi ya tafasa ya zama itacen girki. Ranar na ji kamar a ce ni na ƙera shi.

Amma ba daɗin nan ne ya sa na rubuto ba. Malam Idirisu mijin Adda, wanda aka dawo da aikinsa daga Kano suke zaune a Takur, ya zo ranar Asabar Baba yana kasuwa. Ya ce zai taimaka ya share garkar Iya, don ya ga ta yi duhu. Ya ja igiyar injin har ya yi gumi, ya ƙi tashi. Ya hango ni, ya yi dariya ya ce ai ga injiniyar gidan, in zo in fitar da shi kunya. Na goge fulogin da gefen zanena, na ja sau ɗaya ya kama. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na so in tambaye shi me zai sare, amma nauyinsa ya hana ni buɗe baki. Sai na miƙa masa na koma gefe.

Dogon dabinon nan na tsakiya ya nufa. Daga baya ya ce ya ga sauran duk suna haihuwa, shi kaɗai ne yake cin wuri a banza. Mutumin birni ne, bai san namiji ba ne, bai san daga jikinsa Iya take sa a ɗebo fure a cusa a cikin na matan ba, abin da take kira ɗaurin auren 'ya'yanta. Na yi magana, amma muryata ko ni ban ji ta ba saboda ƙarar. Iya ta jiyo daga ɗaki, kafin ta lalubo mayafinta dabinon ya riga ya kwanta a ƙasa, furensa ya fara tsagowa.

Iya ba ta yi faɗa ba, shi ya fi damuna. Ta zauna a kan gangar jikinsa ta ce kakanmu ne ya dasa shi shekarar da ta tare. Ta ce da gatari ne, da sara na farko za ta ji, ta yi alwala ma ta fito ta tarar ko ɓawo bai gama fita ba. Ta ce gatari yana ba mutum lokacin tuba. Malam Idirisu ya durƙusa yana ba da haƙuri har da hawaye, ta ce ya tashi, rashin sani ya fi dare duhu. Bana sai dai Baba ya bi maƙwabta roƙon fure, kuma Iya ta ce ba kowane namiji ke ba da irin zaƙin namu ba.

Baba ya kulle injin a rumbu. Ba na jin haushin injin, Yaya, har yanzu ina sonsa, abin da aka nuna masa ya yanka. Sai dai in ka zo, ka koya mini yadda ake kashe shi da sauri, domin tayarwa kawai na iya. Akwai ɗan toho guda a gindin kututturen dabinon, kullum ina ba shi ruwa. Na nuna wa Iya, ta shafa shi ta ce zai yi, amma ba ita za ta ɗaura wa 'ya'yanta aure da shi ba, in riƙe yadda ake yi tun yanzu.

Baba da Inna suna gaishe ka, haka Adda da Kubura. Iya ta ce a faɗa maka kada ka sa abin a ranka. Ka gai da Kawu Isah in kun haɗu.

Ni ce ƙanwarka,
Mu'minatu