Kwamfutar da Ba Ta Tashi Sai da Ni

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Ina fatan shan maganin kike yi, ba tura shi ƙarƙashin matashi ba.

Bayan haka, na san Yaya ya riga ni kawo ƙara, to ga nawa bakin. Babbar kwamfutar da yake zanen gidaje da ita ce ta yi nauyi, ya ce in sa mata manhajar nan ta kyauta da ake kira Linux. Na zuba mata daga filashina, ɗan abin nan kamar yatsa da nake yawo da shi a aljihu. Ta tashi lafiya lau, na zare abina na tafi. Washegari ya kunna, allo baƙi ƙirin. Na zo na soka filashin don in duba, ta tashi. Na tafi, ta ƙi. Haka muka yi ta fama har wani mai gini ya gaji da jira, ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri.

Inna, wai ni Yaya zai kalla a gaban ma'aikatansa ya ce da gangan na ɗaure masa na'ura, don kada ya iya rabuwa da ni. Ni da na bar aikina na dawo wurinsa saboda kin ce 'yan'uwa su haɗa kai! Wallahi maganar ta ci mini rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

A gaida mutanen gida.

Naki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, saƙonki ya iso. Kin ce in yi haƙuri. An ce babba juji ne, amma a gidanmu kan ƙarami ake zuba shara.

Na gano matsalar. Akwai wani ɗan ɓangare na manhajar da ke tada na'ura idan an kunna ta. Wajen zubawa sai an zaɓi inda zai zauna, ni kuma garin sauri na zaɓi filashin maimakon cikin kwamfutar. Shi ya sa duk lokacin da na tafi, da shi nake tafiya a aljihu ban sani ba. Kuskure ne, ba mugunta ba, kuma haka na gaya masa.

A gabansa na gyara. Na zare filashin na ajiye kan teburinsa, na kashe na kunna, ta tashi. Ya ture ni gefe ya gwada da kansa, ya sake gwadawa. Ina tsaye kamar sakarai ina jiran ko sannu. Da ya tabbatar tana tashi ba sai da ni ba, sai ya miƙo mini hannu. Har na kai nawa, na ɗauka musabaha ce. Ashe makullin ofis yake so in ba shi.

Na ba shi, Inna. Don Allah kada ki kira shi ki roƙa mini.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Naki,
Auta