Gwangwanin da Yaya Ya Aiko

Birnin Gwari,
4 ga Yuli.

Zuwa ga Yayana Mustapha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokin sana'arka Bature. Ya Kaduna, ya damina? Sabis ya sake ɗaukewa a nan, shi ya sa na koma wa biro, direban da ya kawo saƙonka zan ba.

Gwangwanin garin zaƙi ya iso. Inna ta yi murna har da ƙwalla. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa, wai ɗanta ne ya yi wa masu ciwon suga sukarin da ba ya cutarwa. Sunan nan naku, sitibiya, ya gagare ta, "na Mustapha" kawai take cewa. Shekara biyu tana shan koko salam, yanzu cokali uku nake zuba mata.

Sai dai mun je awo ranar Litinin, sugan ya hau. Ruwa ba ya tsami banza, Yaya, kuma ina da wadda nake zargi. Ka tuna Lydia, maƙwabciyarmu mai lambu, wadda danginta na Kuyello suke noma muku ganyen da kuke yin garin da shi? Kwanan nan kullum sai ta kawo wa Inna wani koren gari a ƙullin leda. Wai ganyen ne ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe. Na ɗanɗana, zaƙi kamar ya tsinke harshe, sannan ɗaci-ɗaci ya biyo baya. Naka fari tas, nata kamar kuka, ta yaya za su zama abu ɗaya? Ban yarda da wannan kirki nata ba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Bara'atu.

Birnin Gwari,
19 ga Yuli.

Yaya Mustapha,

Sallama da gaisuwa. Da fatan jikin yara da sauƙi, kuma hanya ta yi muku daɗi. Ban ga amsarka ba.

Na hana Lydia shigowa. Na faɗa mata magana a bakin ƙofa, gaban mutane, irin wadda ba a maimaitawa a takarda. Ta ajiye ƙullinta a kan dakali ta tafi. Na cusa shi a saman kantar kwanuka, na ce mu ga abin da zai faru.

Abin da ya faru shi ne sugan ya ƙara hawa. Ƙaramin ciwon da ke yatsan ƙafar Inna ya buɗe, ya ƙi kamewa. Na birkice ɗakinta ina neman dabino ko alewa, har jikokinta na tsare da tambaya. Ban samu komai ba sai kunya.

Malam Andrawus, ma'aikacin da ke duba ta a asibiti, ya tambaye ni me take sha. Na ba shi labarin garinka da alfahari. Ya ce shi ganyen ba ya tayar da suga, amma na gaskiya ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta ya ishi kofi, ba a yi masa awon cokali uku. Ya ce wasu kan cakuɗa shi da sukari don ya yi auki, kuma a karanta abin da aka rubuta a jiki. Na dawo na juya gwangwanin ta ko'ina, hoton ganye ne kawai da lambar wayar Bature. Na ji haushin Malam Andrawus ƙwarai, na ce a raina me ya sani game da yayana.

Amma ka san ni da ƙwaƙwa. Da bakinka ka gaya min buhu huɗu na busasshen ganye kuka ɗauko daga Kuyello bana, ga gwangwanayenku sun cika shaguna har Tsohon Birnin Gwari. Kuma da na zo Kaduna da Sallah, ban ga injin da ke mayar da kore fari a shagonku ba. Sikeli na gani, da mazurari, da buhunan da aka juya bakinsu bango. Ka yi min bayani, don Allah, in samu abin rufe bakin mutane.

Taka,
Bara'atu.

Birnin Gwari,
2 ga Agusta.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu dai ba lafiya ba.

Ka tuna yadda Inna take gane mai zuma ya yi algus, ta ɗiga a ƙasa ta tsaya kallo? Ni ma na yi nawa gwajin. Na ɗauki faranti biyu, na zuba garinka a ɗaya, na Lydia a ɗaya, na ajiye a gindin randa na tafi wanki. Da na dawo, kiyashi sun yi wa naka baƙi ƙirin, har layi suke. Na Lydia ko kallonsa ba su yi ba. Kiyashi ba su san kowa ba, Yaya, ba su da abokin gaba a gidanmu. Na kai wa Malam Andrawus sauran naka, ya gwada, ya ce rabinsa ko fiye sukari ne da aka niƙa.

Wata guda ina ɗura wa uwata sukari da hannuna, cokali uku safe, uku yamma, ina zagin matar da ta kawo mata na gaskiya. Na je gidan Lydia na durƙusa. Ta ce komai ya wuce, ta ɗauko sabon ƙulli, ta tambayi ƙafar Inna. Da ta rama zagin da ya fi min sauƙi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina son in yarda Bature ne ya yi ba da saninka ba, na kwana biyu ina lallashin zuciyata da haka. To amma wa ya juya bakin buhunan nan ranar da na shigo? Ka sani ka aiko mata, ko kuwa kunya ce ta hana ka ce wa mahaifiyarka kada ta sha abin da kake sayar wa iyayen wasu?

Ba ma amsar ce ta fi damuna yanzu ba. Likita ya ce in sugan bai sauka ba cikin mako biyu, za a cire yatsan, wataƙila abin ya wuce yatsa. Na gaya wa Inna komai. Ta ce ƙarya ne, hassada ake yi wa ɗanta, abin da Mustapha ya aiko ba zai cuce ta ba. Gwangwanin ya ɓace daga saman kantar a ranar. Jiya na bi layin kiyashi, ya kai ni ƙarƙashin matashin kanta, na tarar da shi a naɗe cikin ɗankwalinta na Makka, ya kusa rabi. Na kai hannu, ta riƙe shi a ƙirji tana kuka.

Ni ba za ta ba ni ba. Kai ka ba ta, kai kaɗai za ka iya karɓa. Motar Kaduna tana tasowa ranar Alhamis da safe. Ka zo ka faɗa mata da bakinka.

Ƙanwarka da ke jira,
Bara'atu.