Yayana ya saka sirrina a fim

Assalamu alaikum admin, a ɓoye sunana. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kiru. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, an san shi da satar awaki, a gidan yari ya rasu ina 'yar shekara huɗu. Kawuna malami ne, shi ya riƙe ni, a hannunsa na yi sauka, yanzu ina koyarwa a Islamiyya. Sai dai ina shekara sha huɗu na taɓa ɗauke ɗan kunnen matarsa na ɓoye a rumbu, kwana uku na kasa cin abinci, na lallaɓa na mayar. Babu wanda ya gan ni sai babban ɗansa, wanda nake kira Yaya.

To Yayan nan yanzu fim suke yi da abokansa, irin gajerun nan da ake tura wa mutane a waya ranar kasuwa. Shekaranjiya ya nuna min sabon da suka gama, wai 'yar ɓarawon awaki ce malami ya riƙe ta, ta saci ɗan kunne ta ɓoye a rumbu, da ta girma ta yashe gidan mijinta, a ƙarshe malamin ya ce hali a jini yake, tarbiyya ba ta wanke shi.

Wallahi na wanke Yaya tas, ya ce ai faɗakarwa ce bai ambaci suna ba, na ce a ƙauyen nan 'yar ɓarawon awaki nawa ce a gidan malam? Buɗar bakinsa sai ya ce, "In ba jini ba ne, me ya sa ke kika ɗauka mu ba mu ɗauka ba?" Ni dai na san hannuna ne ya ɗauka ba na babana ba, kuma hannuna ne ya mayar, amma wannan bai saka a fim ɗin ba.

Ga shi dangin wanda zan aura, 'yan Tudun Wada ne, za su turo binciken asali sati mai zuwa, shi saurayin ya san labarin babana ya yarda, na ɗan kunne ne bai sani ba. Fim ɗin kuma kasuwar nan mai zuwa za su sake shi.

Kawu kaɗai zai iya hana Yaya, amma sai na faɗa masa da bakina na taɓa yin sata a gidansa, mutumin da duk wanda ya goranta min, tashi yake ya rantse ban taɓa ɗaukar ko allura ba. In faɗa masa rantsuwarsa ta zama ƙarya, ko in yi shiru duk gari su kalle ni a waya? Ya zan yi?