Daloli Masu Ƙaramin Kai

Karatu, watan Mayu

Amnay,

Jikata tana zuwa! Alma ta wajen 'yata Rejina, wadda ban taɓa gani ba sai ta gilashin waya, za ta taka ƙasar Karatu a watan Yuli, ita da uwarta da ubanta Rasmus, tun daga Denmak. Na gaya wa limamin cocinmu, na gaya wa mai nama, har awakina na gaya wa. Kai ne na ƙarshe, kuma ka san dalili.

To, yanzu sai gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da shagonka na sassaƙe da duwatsun wuya a Arusha. Yayarka Paskalina tana gaishe ka, ƙafarta ta yi dama. Ita ta matsa min in rubuto. Da don ta ni ne, ba zan ɓata takarda a kanka ba, tun ranar bikin Rejina da ka miƙe gaban jama'a ka ce an yi sa'a, 'yar kuku ta samo wanda zai ciyar da gidan ubanta. Kuma da hannuna na rubuta, ban kira a waya ba, don ka ga ajin yamman da kake yi wa dariya bai tafi a banza ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Na tsufa ina dafa wa baƙi abinci a zango. Gari na wayewa su shiga mota su gangara kwarin Ngorongoro kallon namun daji, ni kuwa ina can sama ina wanke tukwane, ina gasa burodi a akwatin ƙarfe. A bakinsu na san karkanda. Duk tukuicin da suka miƙo min a ambulan ranar sallama, in shilin ne mu ci, in dala ce in jefa a gwangwanin shayi in rufe. Rufin ɗakinmu ya yi yoyo, Paskalina ta yi mita har ta gaji, ban taɓa gwangwanin ba. Yanzu ranarsa ta zo. Zan ɗauki hayar mota in kai jikata cikin kwarin kamar kowane baƙo, kuma ni zan biya mota da kuɗin ƙofa da abinci. Rasmus ba zai sa hannu a aljihu a ƙasata ba. Wannan ne kaɗai abin da nake so kafin Allah ya ɗauki raina.

Paskalina za ta zo asibiti a duba mata ƙafa, za ta taho da gwangwanin. Tunda gidajen canji suna daf da shagonka, ka raka ta a canza rabi zuwa shilin, saboda mai da cefane. Sauran a bar su a dala don ƙofa. Rakiya kawai na ce, ban ce ka ba ni shawara ba.

A gaida yara. Ni ne mijin yayarka,
Bonifas Sulle

Karatu, watan Yuni

Amnay,

Ina gaishe ka don haka aka koya mana a fara wasiƙa. Ina fata kana lafiya. Mu nan lafiyar jiki kam akwai.

Paskalina ta dawo da gwangwani yadda ta tafi da shi, idonta jawur. Ta ce gida uku kuka shiga, kowane ya juya kuɗin ya turo mata ta ƙasan gilashi, wai tsofaffin bugu ne, masu ƙaramin kan mutum a tsakiya, yanzu sai masu babban kai ake karɓa. Wannan ban ga laifinka ba. Ni na rufe gwangwani, duniya ta canza kai ban sani ba. 

Amma ka gaya min, da wane baki ka ce wa yayarka, "Kawo in rage muku asara, in ba ku rabin kuɗinsu, don zumunci"? Kuma da ta ƙi, wa ya aike ka ka kira Rejina? Yarinya ta bugo min tana kuka. Ta ce, "Baba, don me ba ka faɗa min ba ku da hali ba? Kawu ya ce takardun banza ka tara. Ka kwantar da hankalinka, Rasmus zai biya komai." Ka ji abin da ka jawo min? Maganar da ka yi a biki, ita ka bi ta bayan gida kake so ka tabbatar. Mutumin nan bai taɓa cin tuwon gidana ba, ka riga ka kai masa ni da ƙoƙo a hannu.

Na ɗauki gwangwanina na tafi wurin Kimaro, direban da muka yi shekaru muna zango tare. Na same shi a ƙarƙashin mota. Ya fito ya duba kuɗin, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Tsoho, kai ma ai mai ƙaramin kan ne! Waɗannan a nan suka mutu, a ƙasarsu da ransu. Baƙon Amurka zai karɓa ya ba ka sabuwa, ya je gida ya sayi shayi da taka." Ashe haka direbobi suke yi tun da aka fara ƙin tsofaffin. Ranar ƙarshe, in baƙo ya ga zakinsa ransa ya yi fari, sai a roƙe shi musaya. Na ce to me Amnay zai yi da su da yake son saye? Kimaro ya goge hannu ya ce, "Ƙanin matarka? Ai da irinsu yake ba Amurkawa canji a shago." Wato ka sani sarai. Ka so ka sayi gumin tsufana a rabin kuɗi, ka sayar da shi cikakke.

Yanzu na raba kuɗin a hannun direbobi, wannan biyu, wancan uku. Wasunsu ban san su ba, 'ya'yan waɗanda na ciyar ne a zango. Ban rubuta sunan kowa ba. Kullum da yamma ina bakin titi ina jiran motoci su sauko. Baƙi ba su yi yawa ba tukuna, kuma ba kowane ne Ba'amurke ba. Ban sani ba ko za su dawo kafin yarinyar ta iso. Na dai ce wa Rejina kada wanda ya biya komai. In abin ya ƙi, zan sayar da karsanata, amma a hannunka ba zan karɓi ko ruwan sha ba.

Paskalina ba ta ce a gaishe ka ba, ni kuma ba zan yi mata ƙarya ba.

Bonifas Sulle

Karatu, watan Yuli

Amnay,

Mun shiga, mun fito! Na ga karkanda da idona, jikata tana tsaye a kan cinyata, kanta a waje ta rufin mota!

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da cikakken ƙarfinka.

Kuɗin sun dawo, amma ba duka ba. Wani direba ya tafi Serengeti da nawa har yau bai sauko ba, wasu takardun kuma an ƙi su don sun yi laushi. Da na zauna da Kimaro muka yi lissafi, sai na ga ramin da ban hango ba. Ni da Paskalina kuɗin ƙofarmu na 'yan ƙasa ne, bai taka kara ya karya ba. Amma Rasmus baƙo ne, Rejina ma ta koma takardar ƙasar mijinta, Alma kuma jinina ce amma a ƙofa baƙuwa ce. Abin da ke hannuna ya ishi mota da saukarta cikin kwarin da abinci da mu huɗu. Na Rasmus ne babu. Na riga na kira mai sayen shanu.

Sai ga Rasmus da kansa, muna shan shayi a tsakar gida, ya yi magana Rejina tana fassarawa. Ya ce a wurinsu in an fita tare kowa nasa yake biya, ko da wa da ƙane ne, kuma in na biya masa ba zai iya haɗa ido da ni ba. Na ɗauka baƙar magana ce, na aje kofi. Rejina ta ce, "Wallahi Baba haka suke. Ubansa ma in sun ci abinci a waje raba kuɗin suke yi." Na ce wace irin ƙasa ce wannan? Na dubi karsanata a turke. Sannan na ce to, ya biya wa kansa tunda kunyarsa ke nan, amma 'yata da jikata da motar da zai zauna a ciki, in ya kuskura ya taɓa su, ya koma filin jirgi a ƙafa. Ya yi dariya ya miƙo hannu. Ka ga, mutumin da ka ce zai ciyar da gidana, roƙona ya yi kafin in bar shi ya ciyar da kansa.

Kimaro ne ya ja mu. Paskalina ta yi ta salati a gangaren, ta riƙe min riga kamar amarya. Mun ga ɓauna, mun ga jakunan dawa, zaki ya kwanta a inuwar motarmu ya ƙi tashi. A bakin tafkin dorina na buɗe abincin da na dafa da hannuna, shirwa ta fizge wa Rasmus cinyar kaza, Alma ta yi dariya har ta shaƙe. Da muka hauro na miƙa wa Kimaro tukuici a ambulan. Ya ce, "Tsoho, ka haukace?" Na ce karɓi, yau baƙo ka ɗauko.

Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka wannan wasiƙar sulhu ce. Amma yarinyar ta tambayi ko kakarta tana da 'yan'uwa, Paskalina ta shige ɗaki, ni kuma ba zan hana jikata danginta saboda halinka ba.

Tun da muka dawo Alma ta haƙa rami a bayan ɗakin girki, ta kewaye shi da ƙasa, ta cika shi da dabbobin laka. Ta sa kara a ƙofa, ba mai wucewa sai ya biya ƙwayar wake. Ubanta yana biyan biyar, ni kyauta nake shiga. Ran Lahadi bayan coci zan yanka akuya. Na gayyaci direbobi da maƙwabta da liman. Kai ma ka zo, da matarka da yaranka duka, ku ga jikata, ku ga kwarinta. Ka taho da wake a aljihu, don na riga na gaya mata kai baƙo ne.

Ni ne kakan Alma,
Bonifas Sulle