Sa Ba Ɗigo Ba Ne

Kalgo,
2 ga Satumba.

Zuwa ga taubashina Ɗalha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida Hauwa, da amaryarmu Halimatusa'adiya, da mutanen Gwandu masu tambayata da waɗanda suka manta da ni. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta daina neman izini kafin ta tashi.

Na zaɓi takarda ne domin a waya kai kaɗai kake magana. Bijimin san da ka aiko ya iso lafiya. Ka ce in kiwata maka shi a fegina, filin nan da ban noma ba bana, har zuwa walimar auren ɗiyarka Halimatusa'adiya ranar ashirin ga wata. Na gode da ka tuna da ni. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a sakandare, sai yau aka gano amfaninsa: yana da ciyawa.

Ka san fegin, dogo ne siriri. Faɗinsa kamu ashirin, tsawonsa talatin da huɗu. Gabas da shi hanya ce, yamma kuwa gonar waken maƙwabcina Lawali, wanda ya taɓa zama ɗalibina, ya kuma fita ajina kamar yadda ya shigo. Matata Kubura ta ce in kafa turke ɗaya kamar kowa. Na gaya mata turke ɗaya da'ira yake bayarwa. In igiya ta gajarce, ciyawar can ƙarshe ta tafi a banza, in ta yi tsawo sa ya shiga wake.

Sai na kafa turke biyu a kan layin tsakiyar fegin, kamu ashirin da huɗu tsakaninsu. Na ɗaure bakin igiya ɗaya a wannan, ɗaya a wancan, na zura mata zoben ƙarfe, na haɗa zoben da wuyan sa. Duk inda ya nufa, in ka haɗa nisansa daga turken farko da nisansa daga na biyu, ba za su wuce tsawon igiyar ba. Wurin da zai ci zai fita kamar ƙwai, amma ƙwan da kansa da gindinsa suka zo daidai. Ilifs sunansa a littafi. Da igiya mai kamu talatin, ba zai wuce kamu tara daga tsakiya zuwa gefe ba, iyakar Lawali kuwa tana kamu goma. Guda ɗin na bar shi don maƙwabtaka.

Kubura ta ce ita dai ba ta taɓa ganin san da ya yi makaranta ba. Ɗalibai sun fi dubu da na zana wa wannan siffa a allo, babu wanda ya taɓa tambayata ina ake amfani da ita. Ga shi dabba ta riga su.

Ka kwantar da hankalinka. A gaida gida duka.

Naka,
Rilwanu.

Kalgo,
10 ga Satumba.

Ɗalha ɗan'uwana,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Yaya iyali, yaya hidimar biki? Allah Ya sa a yi lafiya a gama lafiya.

Kafin ka ji a bakin direbobi, sa yana nan lafiya. Yana ci, yana sha, ya ma ƙara ƙiba. Sai dai ba a wurina yake ci ba. Kwana uku ke nan yana ɗaure a ƙofar gidan mai unguwa.

Ina so ka fahimci cewa lissafin bai yi kuskure ba. Na sake shi sau huɗu, tara yake ba ni. Abin da ya faru shi ne, turakun ni na auna su da hannuna, igiyar kuwa Habibu mai igiya ne ya auna ta a kasuwa da nasa. Ka san Habibu, wanda yake duƙawa kafin ya shiga rumfarsa. Ni kuwa tun muna yara kake kirana Guntu, ban kuma ƙaru ba. Na ce masa kamu talatin, ya auna talatin tsakani da Allah, daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa. Da na sake aunawa da nawa hannun bayan ɓarna ta auku, talatin da huɗu na samu. Ƙwan ya kumbura. Maimakon tara, sa yana kai wa kamu goma sha biyu, wato biyu a cikin waken Lawali.

Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Lawali ya kai ƙara cewa rabin gonarsa aka cinye. Ya tsaya a ƙofar gidana yana gaya wa masu wucewa cewa tun yana aji biyu na tsane shi, da na rasa bulala shi ne na aiko masa da sa. Abin da yake nema shi ne a riƙe san sai an girbe wake an ga yawan asarar. Kai ma ka san ba a girbin wake kafin ashirin ga wata. In aka biye masa, baƙinka za su ci shinkafa suna kallon juna.

Na je na duba gonar. Akwai ɓarna a bakin iyaka, wannan tamu ce, ban musa ba. Amma akwai wata can ciki, wadda ko Habibu ne aka ɗaure da igiyar ba zai kai ba. Mai unguwa ya ce jibi zai zo da dattawa a gani da ido.

Kada ka gaya wa Halimatusa'adiya. Kada kuma ka kira ni. Kubura ta riga ta faɗi duk abin da za ka faɗa, har da ƙari, kuma ita a kusa take.

Naka cikin damuwa,
Rilwanu.

Kalgo,
13 ga Satumba.

Taubashi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hauwa da amarya. Da fatan kun tashi lafiya. Ni ban tashi ba tukuna, a kwance nake rubuta wannan, Kubura ta shafa mini man zafi a gwiwa biyu.

Jiya aka yi zaman a bakin gona. Na sa babbar rigata ta Juma'a. Na share ƙasa, na ja layi biyu suka gitta juna a tsakiyar fegin, na ce a duba, na kwance sunansa eks, na tsaye kuwa wai. Nan take mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce shi tun da ya gaji ubansa bai taɓa yanke hukunci da wai ba, in ina da shaida in kawo. Na ce ranka ya daɗe, wai ɗin harafi ne. Ya ce ko ma mene ne, wanda ya gani shi ke faɗa, ba wanda ya ji wai ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Lawali, wanda bai taɓa gane komai a ajina ba, ya ce dama tun a makaranta haka nake, komai sai in ce wai.

Na nemi a kawo san a mayar da shi kan igiya kowa ya ga iyakarsa. Lawali ya rantse san ba zai sake shinshinar wakensa ba. Na tuna kwana takwas suka rage a yi walima. Ɗalha, sai na ɗauki zoben na ɗaura a wuyana.

Na ja igiya ta miƙe, na bi gefe ina zagayawa, jama'a na biye da ni. Amma da na zo wajen waken, sai ga inda aka ci ya zarce inda na tsaya da kusan kamu biyu. Lawali ya yi tsalle, ya ce a gani, san yana wuce igiya, ke nan har can ciki ma shi ne. Sai mai unguwa, mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba, ya tambaye ni ko da zoben san yake cin abinci ko da baki.

Ka ji inda aka kayar da ni. A lissafi, abin da ke yawo a kan igiya ɗigo ne, ba shi da tsawo ba shi da faɗi. Na manta sa yana da wuya, a ƙarshen wuyan akwai kai, a cikin kan akwai harshe.

Mai unguwa ya miƙo mini sandarsa ya ce ta tsaya a madadinsu. Na durƙusa, na kafa gindinta a haɓata, na yi rarrafe a bakin iyaka cikin rigar Juma'a. Kan sandar ya bi gefen ɓarnar daidai, lanƙwasa da lanƙwasa, kamar baka. Daga nan zuwa ɓarnar ciki kuwa wake ne tsaye lafiyayye, ba sawun kofato ko ɗaya. Kubura ce ta shiga can ciki, ta dawo da kashin awaki cike da tafinta, ta zuba a gaban dattawa. Duk unguwar an san awakin matar Lawali ba su san turke ba.

Hukunci: a saki sa. Ni kuma, saboda abin da ya ci a bakin iyaka, in bar wa awakin sauran ciyawata. Mai unguwa ya ƙara da cewa ni zan ɗaure su, da turke biyu, tunda an ga abin yana aiki. Ya yaba mini ƙwarai. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya kwaikwayon sa kamar ni ba. Na eks da wai bai ce komai ba.

Gobe da safe za a ɗoro san a motar Gwandu. Kada ka yi mini godiya, kada kuma ka ba da wannan labari a wurin walima, ko da yake na san direba zai riga ka. Abu ɗaya nake roƙo. In an yanka, a rarraba cinya da tozo yadda aka ga dama, amma wuya da harshe a ajiye mini. Akwai maganar da ba mu gama ba ni da su.

Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba su zaman lafiya.

Taubashinka,
Rilwanu.